Tarwani: sarauta ce ko kirari? Ɗan nazari kan wata kalma ta Luwiyanci

1. Gabatarwa

Luwiyanci harshe ne na dangin Indo-Turai, ɗan'uwan harshen Hitiyawa. An yi magana da shi a ƙasar da ake kira Turkiya a yau da arewacin Siriya, ana kuma sassaƙa shi bisa duwatsu har wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A nan za mu duba kalma ɗaya tak, wato tarwani, wadda masana suka daɗe suna saɓani kan ma'anarta.

2. Inda kalmar take fitowa

Galibi mai rubutun yakan fara da "Ni ne wane", sa'an nan ya jero laƙabobinsa. Katuwa, mai mulkin Karkamish a bakin kogin Furat, ya kira kansa tarwani. Saboda irin wannan ne Hawkins ya fassara ta da "mai mulki" cikin kundinsa na 2000, wasu kuwa suka ce "alƙali". To amma a rubutun Bulgarmaden, Tarhunaza ya kira kansa tarwani, ya kuma bai wa ubangidansa, sarki Warpalawa, wannan laƙabi. Da wuya bara da ubangida su riƙe sarauta guda.

3. Shaidar Karatepe

A 1946 aka gano kufan Karatepe, inda aka samu rubutu cikin harshe biyu, Luwiyanci da Finikiyanci. A ciki Azatiwada ya ce sarakuna sun ɗauke shi uba saboda adalcinsa da hikimarsa. Kalmar "adalci" ta Luwiyanci alamarta ɗaya da tarwani, takwararta ta Finikiyanci kuwa ita ce ṣdq, ƴar'uwar ṣidq ta Larabci. Bisa irin wannan hujja, a 2019 Melchert ya karanta ta tarrawanni, ya ce ma'anarta "adali". Ke nan kirari ce, wadda babba da ƙarami ke iya ɗauka.

4. Kammalawa

Pintore ya danganta tarwani da tyrannos ta Girkanci, wadda ta haifi tyran ta Faransanci, wato azzalumin shugaba. In ma'anarta "mai mulki" ce, aron yana da sauƙin fahimta. In kuwa "adali" ce, wajibi ne mai wannan ra'ayi ya nuna yadda kirarin adalci ya koma sunan mai mulki, daga baya kuma sunan azzalumi. A ganinmu shaidar Karatepe ta fi nauyi, domin fassarar masu harshen ce da kansu, alhali kamannin sauti kaɗai ba ya tabbatar da dangantaka.