Yadda Philadelphia Eagles ta farfaɗo daga rugujewa ta ɗauki kofin Super Bowl

A daren Lahadi 9 ga watan Fabrairun 2025, lokacin da agogo ya haura ƙarfe 12 na dare a Najeriya, ƙungiyar Philadelphia Eagles ta kara da Kansas City Chiefs a birnin New Orleans, a wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafar Amurka da ake kira Super Bowl, karo na 59. Eagles ta yi nasara da maki 40 da 22.

Chiefs ta shiga filin ne tana neman abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi, wato ɗaukar kofin sau uku a jere. Ita ce kuma ta doke Eagles da maki 38 da 35 a wasan ƙarshe na Fabrairun 2023. Amma a wannan karon, kafin a tafi hutun rabin lokaci Eagles tana da maki 24, Chiefs ba ta da ko ɗaya.

Watanni 13 kafin wannan dare, Eagles ƙungiya ce da ta watse, magoya bayanta suna kiran a kori kocinta. Abin da ya sauya a tsakani shi ne ta koma ga ginshiƙan wasan guda biyu: gudu da ƙwallo a ƙasa, da ƙarfin masu tsaro.

Yadda ake wasan

Duk da sunansa, wasan ya fi kama da zari-ruga, domin da hannu ake yin mafi yawansa. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11 a fili, kuma ana buga zango huɗu na minti 15 kowanne. Tsawon filin yadi 100 ne, sannan a kowane ƙarshe akwai wani yanki mai yadi 10 wanda shi ne gidan ƙungiya.

Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10. Idan ta cika su, sai a ba ta sababbin dama huɗu. Idan ta gaza, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Hanyoyin ci gaba biyu ne: ko dai a miƙa wa mai gudu ƙwallon ya kutsa da ita, ko kuma madugun ƙungiya, wanda ake kira kwatabak, ya jefa ta ga wani ɗan wasa da ke gaba.

Wanda ya shiga gidan abokan hamayya da ƙwallo ya ci gida, ya samu maki 6, kuma akan ƙara maki 1 da bugun da ke biyo baya. Idan an kasa isa gidan, ana iya buga ƙwallon da ƙafa ta ratsa tsakanin sanduna biyu a samu maki 3.

A gaban madugu akwai ƙarti biyar da aikinsu shi ne kare shi da buɗe wa mai gudu hanya. Suna fuskantar ƙartin abokan hamayya waɗanda burinsu su keta su kayar da madugun kafin ya yi jifa. Kyamara ba ta cika tsayawa a kan waɗannan ba, amma a nan ne Eagles ta ci kakar 2024.

Hukumar NFL tana da ƙungiyoyi 32 a ɓangarori biyu, AFC da NFC. Kowace ƙungiya tana buga wasa 17 daga Satumba zuwa farkon Janairu, sannan bakwai daga kowane ɓangare su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Zakarun ɓangarorin biyu ne ke haɗuwa a Super Bowl. Babu faɗawa ƙaramin rukuni kamar a gasar Firimiya ta Ingila, kuma an ƙayyade kuɗin albashin da kowace ƙungiya za ta kashe, wanda a 2024 ya kai dala miliyan 255.4. Saboda haka mai kuɗi ba ya iya saye dukkan taurari, dole sai da iya zaɓe.

Rugujewa da gyara

A kakar 2023 Eagles ta ci wasa 10 cikin 11 na farko, sai ta sha kashi a biyar daga cikin shida na ƙarshe. Tampa Bay Buccaneers ta yi waje da ita a zagayen farko da maki 32 da 9. Bayan haka manyan dattawan ƙungiyar biyu, Jason Kelce da Fletcher Cox, suka yi ritaya.

Mai ƙungiyar, Jeffrey Lurie, bai kori koci Nick Sirianni ba, amma an sauya manyan mataimakansa biyu. Kellen Moore ya karɓi tsara hari, Vic Fangio, tsohon hannu da ya shafe shekaru da dama a gasar, ya karɓi tsaro.

Babban manajan ƙungiyar, Howie Roseman, ya ɗauko Saquon Barkley daga abokiyar gabarsu New York Giants a kan yarjejeniyar shekara uku ta dala miliyan 37.75. A lokacin, ƙungiyoyi da yawa sun daina zuba kuɗi a kan masu gudu da ƙwallo, bisa hujjar cewa jikinsu yana saurin lalacewa. Ya kuma ɗauko Zack Baun, wanda ya shafe shekara huɗu a New Orleans Saints ba tare da ya yi fice ba, a kan yarjejeniyar shekara ɗaya. A zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, ya fara da masu tsaron baya biyu, Quinyon Mitchell da Cooper DeJean.

Wata huɗu na kakar wasa

Eagles ta buɗe kakar a birnin Sao Paulo na Brazil ranar 6 ga Satumba 2024, wasan NFL na farko da aka buga a Kudancin Amurka. Ta doke Green Bay Packers da maki 34 da 29, Barkley ya ci gida sau uku. Sai dai makonnin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Atlanta ta doke ta da maki 22 da 21, Tampa Bay ta sake lallasa ta da 33 da 16. Bayan wasa huɗu tana da nasara biyu da rashin nasara biyu, kuma sau huɗu abokan hamayya suna cafke jifan madugunta Jalen Hurts.

A makon hutun da ya biyo baya, rahotanni sun ce manyan ƙartin gaba sun nemi a ɗora musu nauyin wasan, a rage jifa a ƙara gudu. Daga nan ƙungiyar ta ci wasa 10 a jere, abin da ba ta taɓa yi ba a tarihinta. A sauran kakar, sau ɗaya kacal aka sake cafke jifan Hurts. Eagles ta kammala a matsayin ƙungiyar da ta fi kowa yawan gudu da ƙwallo, kuma wadda ta fi kowa ƙarancin jifa.

Amfanin wannan salo a bayyane yake. Gudu a ƙasa yana cinye lokaci, yana barin madugun abokan hamayya zaune a benci, yana kuma gajiyar da masu tsaronsu, ta yadda a zango na huɗu hanyoyi kan buɗe. Idan kuma saura yadi ɗaya a cika goma, Eagles tana da wata dabara da ta shahara da ita: ƙartin gaba su duƙa su danna, Hurts ya bi bayansu da ƙwallo, wasu kuma su tura shi ta baya. Kowa ya san abin da za a yi, amma da wuya a tare. Hurts ya ci gida sau 14 da ƙafarsa a kakar.

Barkley ya yi gudun yadi 2,005 a wasa 16, ya zama mutum na tara a tarihin gasar da ya haura 2,000. Saura masa yadi 101 ya karya tarihin da Eric Dickerson ya kafa a 1984, amma Sirianni ya ajiye shi a wasan ƙarshe na kakar don kada ya ji rauni. Wasu magoya baya sun ji haushin hakan, ƙungiyar dai ta zaɓi kofi a kan tarihin mutum ɗaya.

A ɓangaren tsaro, yaran Fangio sun gama kakar a matsayi na ɗaya wajen hana abokan hamayya cin yadi, kuma an zaɓi Baun cikin gwarazan shekara. Eagles ta kammala da nasara 14 da rashin nasara uku, ta zo ta biyu a ɓangaren NFC bayan Detroit Lions.

Zagayen sili-ɗaya-ƙwale

Duk wasanni ukun da suka kai ta Super Bowl a gida ta buga su. Ranar 12 ga Janairu 2025 ta doke Green Bay da maki 22 da 10, inda masu tsaronta suka cafke jifan madugu Jordan Love sau uku.

Wasan da ya fi ba ta wahala shi ne na Los Angeles Rams, ranar 19 ga Janairu, cikin zubar dusar ƙanƙara. Barkley ya yi gudun yadi 205, ciki har da gudu biyu masu tsawon yadi 62 da 78 da ya ci gida da su. Duk da haka, a mintunan ƙarshe Rams ta matso kusa da gidan Eagles tana neman cin da zai ba ta nasara. Jalen Carter ne ya keta ya kayar da madugu Matthew Stafford, aka tashi 28 da 22.

Ranar 26 ga Janairu ta haɗu da Washington Commanders, ƙungiyar da ta katse mata jerin nasarori 10 a watan Disamba, ta kuma fitar da Detroit. A taɓa ƙwallonsa na farko Barkley ya yi gudun yadi 60 ya ci gida. Eagles ta ci gida sau bakwai, dukkansu da gudu, aka tashi 55 da 23. Babu ƙungiyar da ta taɓa cin maki masu yawan haka a wasan fitar da zakaran ɓangare.

Daren New Orleans

Chiefs ta zo da shiri ɗaya bayyananne, wato ta tare Barkley, kuma ta tare shi. An miƙa masa ƙwallo sau 25, yadi 57 kawai ya samu. Ko da yake hakan ya ishe shi ya kai jimillar yadi 2,504 a kakar har da wasannin sili-ɗaya-ƙwale, ya shafe tarihin da Terrell Davis ya kafa a kakar 1998.

Masu tsaro ne suka ɗauki wasan. A al'ada, ƙungiyar da ke son matsa wa madugu takan ƙara mutane a kan ƙarti huɗun gaba, abin da ke barin gurbi a baya, kuma madugun Chiefs, Patrick Mahomes, ya ƙware wajen gano irin wannan gurbi. Fangio bai ƙara kowa ba. Ya bar mutum huɗu suna kai farmaki, bakwai suna tsare masu karɓar jifa. Mutum huɗun suka kayar da Mahomes sau shida, Josh Sweat da Milton Williams ne a kan gaba.

A zango na biyu DeJean, wanda ranar ce ya cika shekara 22 da haihuwa, ya cafke jifan Mahomes ya ruga yadi 38 ya ci gida. Jim kaɗan Baun ya cafke wani, A.J. Brown ya ci gida daga nan. Yadi 23 kacal Chiefs ta samu a duk rabin farko. A zango na uku Hurts ya jefa wa DeVonta Smith ƙwallo daga yadi 46, maki ya zama 34 da nema. Makin da Chiefs ta samu ya zo ne bayan wasa ya riga ya kuɓuce mata.

An zaɓi Hurts gwarzon wasan. Ya yi jifa 22, guda 17 sun isa hannu, ya tara yadi 221 da jifa da 72 da gudu. Shi ne ɗan wasan da aka taɓa zaunar da shi a benci ana tsakiyar wasan ƙarshe na jami'o'i a Janairun 2018, lokacin yana jami'ar Alabama. Wannan ne kofin Super Bowl na biyu da Eagles ta ɗauka, bayan na Fabrairun 2018 da ta doke New England Patriots. Shugaba Donald Trump ya halarci wasan, karon farko da shugaban Amurka mai ci ya yi haka.

Ɗan Legas a cikin zakarun

Cikin ƙartin tsaron Eagles akwai Moro Ojomo, wanda aka haifa a Legas a 2001, iyayensa suka koma Amurka da shi yana yaro. Ya buga wa jami'ar Texas, Eagles ta zaɓe shi a zagaye na bakwai, wato na ƙarshe, a 2023. Ita ma Chiefs tana da tarihi da Najeriya, domin a nan ne Christian Okoye, ɗan Enugu, ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar a 1989. Hukumar NFL ta gudanar da sansanin neman matasa a Legas a 2024. Irin wannan shiri na ɗauko 'yan ƙasashen waje ne ya kawo Jordan Mailata, ɗan zari-ruga daga Ostireliya wanda bai taɓa buga wasan ba kafin 2018, a kakar 2024 kuma ya kasance cikin ƙarti biyar da suka buɗe wa Barkley hanya.

Abin da ya biyo baya

Tsarin ƙayyade albashin da ya sa Roseman neman masu araha shi ne kuma ya zama gwaji ga ƙungiyar bayan ɗaukar kofin. Kwana biyu bayan wasan, New Orleans Saints ta naɗa Kellen Moore babban kocinta. Yarjejeniyar Sweat da Williams da Baun duk ta ƙare da wannan kaka, kuma farashinsu ya tashi. Ranar Juma'a 14 ga Fabrairu dubban ɗaruruwan mutane suka cika titunan Philadelphia don tarbar kofin, kafin kasuwar 'yan wasa ta buɗe a watan Maris na 2025.