Daga Dundaye Zuwa Maƙera: Wa Zai Biya Kuɗin Gwaji?

A shekarar 1982 ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a ƙarƙashin jami'ar da a yau ake kira Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda mazauninta na dindindin yake a Dundaye, a tsallaken gulbin Rima. Aikin da aka ɗora wa cibiyar shi ne ta binciko yadda za a ci moriyar hasken rana da iska da sauran albarkatun da ba sa ƙarewa. Ko shakka babu an zaɓi wurin da ya dace, domin duk wanda ya taɓa yin bazara a Sakkwato ya san rana ba baƙuwa ba ce a can.

Masanan cibiyar kuwa ba su kwanta ba. Sun ƙera tukunyar girki da ke aiki da zafin rana, da na'urar busar da amfanin gona, da ta ɗumama ruwa, da murhu mai tsimin itace, da rijiyar da ke fitar da iskar gas daga kashin shanu. An kafa lantarki mai aiki da hasken rana mai ƙarfin kilowat 7.2 a ƙauyen Kwalkwalawa, an kuma kafa injin iska mai kilowat 5 a Sayya Gidan Gada. Farfesa Abubakar Sani Sambo, wanda ya taɓa jagorantar cibiyar, ya zama shugaban Hukumar Makamashi ta Ƙasa a 2005. To amma bayan fiye da shekara 40, mai karatu ya shiga kasuwa ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan kayayyaki ƙirar gida, ya ga ko zai samu cikin sauƙi. Abin da zai tarar shi ne faifan sola da batura da fitilu 'yan ƙasar Sin, yayin da manomin fadama yake shanya tattasai da tumatur a ƙasa, ƙura na bi, awaki na bi.

Mutane da dama kan ɗora laifin a kan malaman jami'a, su ce binciken nasu na neman ƙarin girma ne kawai. Ni dai ina ganin matsalar tana wani wuri. Malami aikinsa ya nuna cewa abu zai yiwu, kuma da zarar ya ƙera ɗaya ya yi aiki, ya sauke nauyin da ke kansa. Amma tsakanin na'ura guda da ke ɗakin gwaji da guda 500 da za a jera a shago akwai tafiya mai nisa. Sai an sake fasalinta yadda mai walda zai iya haɗa ta da ƙarfen da ke kasuwa, sai an ba manoma goma sun yi kaka guda da ita an ga inda take lalacewa, sai an rage kuɗinta har ya yi daidai da aljihun mai saye. Wannan aikin ɗan kasuwa ne da maƙeri, kuma yana cin kuɗi tun kafin a ga ribar ko sisin kwabo. Banki ba zai ba da rance a kan abin da ba a tabbatar zai yi aiki ba, kuma ba a ga laifinsa ba, tun da dukiyar mutane ce a hannunsa.

Abin sha'awa, a wannan shekara ta 1982 ce Amurka, ƙasar da ake yi wa kallon uwar jari-hujja, ta yi dokar da ta kafa shirin da ake kira SBIR domin cike irin wannan giɓi. Dokar ta wajabta wa kowace ma'aikatar gwamnati da ke kashe sama da dala miliyan 100 a shekara wajen ba da aikin bincike a waje ta ware wani kaso domin ƙananan kamfanoni, wato waɗanda ma'aikatansu ba su wuce 500 ba. Kason ya fara da ɗan kaɗan, ya yi ta hawa har ya kai kashi 3.2 cikin 100 a 2017. Kuɗin kyauta ne, ba a biya, gwamnati kuma ba ta karɓar hannun jari. Sai dai ba a miƙa shi gaba ɗaya. Akan fara da ƙaramin tallafi a ce je ka nuna mana tunaninka zai yi aiki. Wanda ya nuna ne yake da damar neman babba. A 1992 aka ƙara wani reshe mai suna STTR, wanda sharaɗinsa shi ne kamfani ya haɗa kai da jami'a ko cibiyar bincike, shi ya yi aƙalla kashi 40 na aikin, ita kuma aƙalla kashi 30.

Wata masaniyar tattalin arziki, Sabrina Howell, ta bi diddigin kamfanonin da suka nemi wannan tallafi a Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, ta buga sakamakon a 2017. Ta kwatanta waɗanda suka samu da ƙyar da waɗanda suka rasa da ƙyar, tun da kusan ƙarfinsu ɗaya. Ta gano cewa ƙaramin tallafin nan na farko, na dala 150,000, ya kusan ninka damar kamfani ta samun masu zuba jari daga baya, daga kashi 10 zuwa 19 cikin 100. Babban tallafin da ke biyo baya kuwa, wanda kan kai dala miliyan ɗaya, bai nuna irin wannan tasiri ba. Dalilin da ta bayar shi ne kuɗin farko su ne ke ba kamfani damar ƙera samfurin da mai jari zai gani da idonsa. Wannan labari ne mai daɗi ga ƙasa irin tamu, domin ɓangaren da ya fi amfani shi ne ya fi araha.

Mu kuma fa? Ba a rasa hukumomi ba. Asusun TETFund yana da kuɗin bincike, amma na malaman manyan makarantun gwamnati ne. Bankin Masana'antu rance yake bayarwa. Hukumar samar da lantarki a karkara, da kuɗin Bankin Duniya, dala miliyan 350 a 2018 da miliyan 750 da aka amince da su a ƙarshen 2023, tana tallafa wa kamfanoni su kafa kayan da aka riga aka ƙera, galibi a ƙasashen waje. Dokar sababbin kamfanoni ta 2022 ta fi karkata ga masu fasahar kwamfuta. Kowace tana da amfaninta, amma mai walda a Sakkwato da ke son gwada na'urar busar da albasa da tattasai bai dace da ko ɗaya daga cikin ƙofofin nan ba.

Kuma tambayoyin da ke jiran amsa namu ne, ba wanda zai zo daga Sin ya amsa mana su. Faifan sola yana rage ƙarfi idan ya ɗau zafi, ana auna shi ne a kan digiri 25, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan haura 40 a inuwa. Ƙurar hunturu tana rufe gilashinsa, kuma ruwan wanke shi ma a wasu ƙauyuka sai an saya. Batirin dalma zafi ne ajalinsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani da dama suka koma neman famfon sola, kuma masu haɗa musu shi su ne suka fi kowa sanin inda yake ciwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na san abin da za a ce: kuɗin gwamnati da ba a biya, ai rabon ganima ne, 'yan siyasa za su cika takardun da sunayen yaransu. Wannan tsoro yana kan hanya. Amma ƙaramin tallafi da ake saki kashi-kashi, wanda ba a ba da na biyu sai an kawo na'ura ta yi aiki a gaban masana, ya fi wuyar sata a kan kwangilar biliyoyi da ake sa wa hannu a ofis. A nan ne cibiyar Dundaye take da babban aiki: ita ta auna, ita ta shaida, ɗalibanta su shiga aikin, a kuma buga sunayen waɗanda aka ba da abin da kowa ya ƙera. Wasu gwaje-gwajen za su faɗi, kuma dole a yarda da hakan tun farko, kada a mayar da wanda na'urarsa ta ƙi aiki tamkar ɓarawo.

Ba sai an jira Abuja ba. Dokar lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wutarsu, don haka Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato za ta iya ware wani ɗan kaso daga kasafin ma'aikatar da ke kula da makamashi, a fara da kamfanoni goma ko ashirin, kowanne da malami guda daga jami'a a gefensa, a ba su daga kakar bana zuwa ta baɗi su kawo abin da suka ƙera.