Babi na Tara: Opera, Wasan da Ake Rerawa

Opera wasan kwaikwayo ne da galibi ake gudanar da shi cikin waƙa daga farko har ƙarshe, wanda ya samo asali a birnin Florence na ƙasar Italiya wajen shekarar 1600, kuma L'Orfeo na Claudio Monteverdi, da aka fara nunawa a Mantua a 1607, shi ne mafi tsufa cikin waɗanda har yau ake yawan hawa dandamali da su. Mutanen Kaduna ba baƙin wasan kwaikwayo ba ne, domin suna da talabijin tun 1962, kuma da Samanja da Karambana suka tashi. Sai dai da yake babu zauren opera a garin, mazaunin Kawo ko Malali ko Unguwar Rimi ba ya haɗuwa da opera sai ta tauraron ɗan'adam ko YouTube, kuma a nan ne ake samun tangarɗa.

Abin da aka fi ji daga bakin wanda ya kalli minti biyu ya sauya tasha shi ne wai ihu kawai Turawan suke yi. Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan, kuma abin takaici ne a ji ta daga mutanen da suka san aikin sanƙira. Mawaƙin opera ba ya riƙe makirfo, ba a kuma kafa masa lasifika. A zauren La Scala na Milan, wanda aka buɗe a 1778 kuma yake ɗaukar mutum kusan 2,000, dole muryarsa ta tsallake makaɗa saba'in ko fiye da ke zaune a wani rami gaban dandamali, ta kai ga wanda ke can ƙololuwar bene ba tare da kalma ɗaya ta faɗi a hanya ba. Shekaru yake yi yana koyon turo numfashi daga ciki da sakin maƙogwaro, har muryar ta sami wani kaifi da ke ratsa kiɗan ya fito ta samansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin hawan Daba, irin wanda aka yi a Kaduna lokacin FESTAC a 1977, ya ji yadda kirari ke keta tambura da kakaki da algaita, ya riga ya san wannan gwaninta, kuma ba zai kira ta ihu ba.

Talabijin ce ke ɓoye wannan duka. Kyamara tana kusanto fuskar da aka tanada don kallo daga nesa, sai a ga baki a wangale, jijiyoyin wuya sun miƙe, gumi na wanke kwalliya, alhali injiniyan sauti ya daidaita murya da kiɗa har nisan da muryar ta ci ya ɓace. Amma talabijin tana da ranarta: fassarar da ke gudana a ƙasan allo tana buɗe labarin ga wanda ba ya jin Italiyanci, kuma a 1992 an watsa Tosca ta Puccini kai tsaye daga ainihin wurare uku na birnin Rum da labarin ya ambata, Placido Domingo yana jagorantar mazan wasan.

Cikin ire-iren rerawar opera akwai manya guda biyu: rechitatibo, wato zance mai ɗan karin sauti da ke tura labari gaba, da ariya, inda ɗan wasa guda ke amayar da abin da ke ransa. Ariya ba daidai take da waƙar fim ɗin Indiya ba, inda ake jingine labari a tafi rawa.

Akwai kuma kuskuren da littattafai ke ta maimaitawa, cewa Verdi ya tsara operarsa mai suna Aida ne don bikin buɗe mashigin Suez. An buɗe mashigin a 1869, kuma da wata opera mai suna Rigoletto aka buɗe zauren opera na Alƙahira a wannan shekara. Ita Aida, labarin gimbiyar Habasha da aka bautar a Masar, ba ta hau dandamalin Alƙahira ba sai 24 ga Disamba, 1871.