Labarin Wazir Khan, Hakimin Sirhind, Da Yara Biyu

A zamanin Sarki Aurangzeb, mai mulkin ƙasar Hindu, akwai wani hakimi a birnin Sirhind cikin lardin Panjab, sunansa Wazir Khan. A lardin nan Sikhawa suke, jama'a ce mai addininta dabam, shugabansu kuwa a lokacin Guru Gobind Singh ne.

Rundunar sarki da sarakunan duwatsu suka kewaye Guru a garin Anandpur wata da watanni, har yunwa ta ci mutanensa. Aka rantse masa, aka ba shi amana ya fita lafiya. Da ya fito cikin sanyin Disamba, a 1704 ko 1705 bisa saɓanin masu tarihi, sai aka far masa a bakin kogin Sarsa, iyalinsa suka watse. Ƙananan 'ya'yansa biyu, Zorawar Singh mai kamar shekara 9 da Fateh Singh mai kamar shekara 6, suka faɗa hannun Wazir Khan tare da kakarsu, Mata Gujri.

Hakimi ya sa aka kawo su fada, ya ce su bar addinin ubansu su tsira. Yara suka ƙi. Sa'an nan Sher Muhammad Khan, sarkin Malerkotla, Musulmi, wanda kuwa ya yi yaƙi da Guru da kansa, ya miƙe ya ce gabarsa da uban take, shari'a ba ta halatta jinin yaron da bai balaga ba. Kowane ɗalibin fiƙihu ya san gaskiya ya faɗa. Ba a saurare shi ba. Sikhawa sun ruwaito cewa an gina bango a kan yaran suna da rai, daga baya aka kashe su. Tsohuwa ta cika da jin labari.

Sun ruwaito kuma wani attajiri, Todar Mal, ya sayi ɗan filin da za a ƙone gawawwakin, da kuɗin zinariya da aka jera suka rufe ƙasar wurin.

A 1710 Banda Singh Bahadur ya taho da mayaƙan Sikhawa, aka gwabza a Chappar Chiri, aka kashe Wazir Khan, aka washe Sirhind. A 1947, da aka raba Indiya da Pakistan, jini ya kwarara ko'ina cikin Panjab, amma Musulmin Malerkotla suka zauna a gidajensu. Mutanen wurin suna danganta wannan da maganar da sarkinsu ya yi a fadar Sirhind.