Bayanin Zaɓen Tocila Domin Gida Da Daji Da Bindiga

Ga bayani a kan tocila, gama mutane da yawa suna sayenta bisa lambar da aka buga a kwali, alhali kuwa aikin da za ta yi shi ya kamata a fara dubawa.

Mai saye ya sani ma'auni biyu ne. Na farko sunansa lumen, watau jimlar hasken da tocila ke fitarwa. Na biyu kandela, watau ƙarfin hasken da ta tattara wuri guda ta jefa nesa. Misalinsu kamar ruwan buta ne: lumen shi ne yawan ruwan, kandela kuwa ƙarfin tsartuwarsa daga bakin butar. A shekarar 2009 aka kafa wata ƙa'ida a Amurka, ana ce da ita FL1, wadda ta ce nisan tocila shi ne inda haskenta ya koma kamar na wata daren sha huɗu. Bisa wannan lissafi, mai kandela 10,000 tana kai mita 200, amma fa ido ba ya rarrabe abu sai ƙasa da haka ƙwarai. Awoyin da aka rubuta kuma, ana ƙirga su ne har hasken ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma.

To, malami mai duba littafi da dare, da ɗan kasuwa mai ƙirga kuɗi ko shiga sito, ba su da bukatar mai jifa nesa. Ƙarama mai shimfiɗa haske, wadda ake rage ta a ƙara, ta wadatar. Haske mai tsanani a kan farar takarda kashe ido yake yi, ya kuma cinye batir. In an ga IPX7 a jikinta, ma'anarsa tana jure nutso cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30.

Maharbi kuwa mai kandela da yawa ce tasa, tare da fitilar goshi domin hannuwansa su zama sake, da batir na ajiya a burgami. Sai dai akwai gargaɗi babba. Idon gada yana ƙyalli in an haska shi, haka na akuya da saniya da kare, kuma bayan dabbar gida sau da yawa akwai makiyayi. Saboda haka ƙyallin ido kaɗai ba hujjar harbi ba ce, sai an ga jikin dabba sarai. Ƙasashe da yawa ma sun hana farautar dare da fitila, wajibi ne maharbi ya tambayi dokar wurinsa.

Amma tocilar da ake ɗaura wa bindiga, lalle ta zama mai ƙwan LED, domin tsohon ƙwai mai zare yakan tsinke da girgizar harbi. Maɗaurinta ya zama mai ƙarfi, makunninta kuma inda yatsa zai kai ba tare da kusantar kunama ba. Illarta ɗaya ce, amma mai girma: duk inda haskenta ya dosa, nan bakin bindiga ya dosa. Wanda ya ji motsi a zaure ya haska da ita, ya auna mutum ke nan tun bai san ko wane ne ba, watakila ɗansa ne ko baƙo. Don haka mai hankali yakan riƙe wata dabam a hannu domin bincike, bakin bindiga yana kallon ƙasa.

Sayen nagari mai da kuɗi gida ne, harsashi kuwa in ya fita ba ya komowa.