Nisan Hanya Da Saurin Intanet: Abin Da Ya Kamata Malamai Da Akawuna Su Sani

Sau da yawa mukan ji kuka daga makarantu da ofisoshin da ke nesa da manyan birane, cewa an kashe kuɗi an kafa musu intanet ta tauraron ɗan'adam, amma aika sunayen yara masu ɗaukar jarrabawa sai ya cinye yini guda. Daga nan sai a ce a ƙara kuɗi a sayi babban layi. To, kafin a taɓa baitulmali, ya kyautu mu san inda ciwon yake, domin wani jinkirin daga cikin kwamfutar kanta yake fitowa.

Tauraron da ke tsaye daidai wuri ɗaya a sama, irin NigComSat-1R wanda aka harba a 2011, nisansa daga ƙasa kilomita 35,786 ne. Saƙo zai hau ya sauko, amsarsa kuma ta hau ta sauko, watau tafiya huɗu, wajen kilomita 143,000. Ko da saurin haske, wanda ke cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, wannan kusan rabin daƙiƙa ne, in an haɗa da jinkirin na'urori ya kai kamar daƙiƙa 0.6. Ba mai iya rage wannan, sai dai a yi dabarar zama da shi.

Dattawanmu sun tuna yadda akawun En'e yakan cika jakar masinja da takardu, ba ya kuwa ba da wasu sai masinja ya komo da littafin sa hannu. In garin hakimi na da nisa, jakar kuma ƙarama ce, kome kyan hanya takardu kaɗan za su isa a mako. Haka ƙa'idar TCP take, wadda aka tsayar a 1981, wadda kuma yawancin saƙonnin intanet ke bi. Mai aikawa ba ya wuce wani adadi sai ya ji an karɓa. A tsarin farko jakar nan ba ta wuce bayit 65,535. Duk malamin lissafi ya raba wannan da daƙiƙa 0.6, zai ga saurin bai kai megabit 1 a daƙiƙa ba, ko da kuwa an biya kuɗin megabit 20.

Lissafin gyaran ba wuya. A ninka saurin layi da lokacin zuwa da komowa: megabit 20 sau 0.6 ya ba da megabit 12, watau megabayit ɗaya da rabi. Lalle jakar ta kai wannan girma, in ba haka ba an yi hasarar kuɗin hukuma.

A 1992 Van Jacobson da abokan aikinsa suka fito da hanyar faɗaɗa jakar har wajen gigabayit 1. A 1996 kuma aka ƙaro dabarar da mai karɓa zai faɗi daidai guntun da ya ɓace, don kada a maimaita aika abin da ya riga ya iso. Tun daga Windows Vista, manhajar Windows kan daidaita girman jakar da kanta, amma akan sami inda wani mai gyara ya kashe wannan. Umarnin netsh interface tcp show global zai nuna ko tana aiki. A Linux kuwa, iyakar jakar karɓa tana wurin da ake kira tcp_rmem, ta aikawa tana tcp_wmem, ana iya ɗaga su da sysctl.

Sa'an nan akwai maganar cunkoso. Tsohuwar dabara, da zarar guntu ɗaya ya ɓace sai ta rage gudu da rabi, ta riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan a kowane zuwa da komowa, a hanya mai nisa kuwa wannan farfaɗowa tana daɗewa ƙwarai. Saboda haka Linux ta koma ga CUBIC a 2006, kamfanin Google kuma ya fito da BBR a 2016, wadda ke auna faɗin hanya da nisanta maimakon jiran ɓacewa. Amma a lura, na'urar da ke aikawa ce ke zaɓen dabarar nan, don haka za ta amfane mu wajen aika takardu ne, wajen sauko da littattafai kuwa jakar karɓa ce abin dubawa.

Shawararmu ga shugabannin makarantu ita ce, a fara auna jinkirin da umarnin ping, a rubuta a littafi. A sake abu ɗaya tak, a sake aunawa, kuma a ajiye tsohon adadin don a iya komawa gare shi. Waɗanda ke amfani da taurari na kusa, irin Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a 2023 daga nisan kamar kilomita 550, jinkirinsu kaɗan ne, bukatarsu ga wannan gyara ba ta kai ta sauran ba.

Dukiyar jama'a amana ce, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Muna fata malamai za su sa wannan lissafi cikin darasin ɗalibansu. Allah ya sa mu dace.