Shirin Jirgin Iska Domin Tseren Zagaya Duniya



Mu mutanen tudu ne. Ruwan da yawancinmu muka sani shi ne gulbin da ya ratsa Gusau da Bunguɗu, wanda da rani yaro ma yakan haye shi da ƙafa. Amma kakanninmu fatake sun san abin da zan yi magana a kansa yau, gama madugun da zai kai ayari Gwanja ya san cewa tun daga gida ake cin nasarar tafiya, wajen zaɓen jakuna, da auna kaya, da tsai da ranar tashi. Haka al'amarin yake ga masu tseren zagaya duniya cikin jirgin ruwa wanda iska kaɗai ke korawa.

Bari mu fara da ƙa'idar tseren. Ana kiransa Kofin Jules Verne, da sunan marubucin nan na Faransa wanda ya ƙaga labarin zagaya duniya cikin kwana 80. Jirgi yakan tashi daga tsakanin tsibirin Ouessant na Faransa da tsinin Lizard na Ingila, ya gangara kudu, ya wuce tsinin Afirka ta Kudu, da na Leeuwin a Ostareliya, da na Horn a Amurka ta Kudu, kana ya komo inda ya tashi, ba yada zango, ba karɓar taimako. Abokin hamayyarsa agogo ne. A 1993 Bruno Peyron ya fara cin kofin da kwana 79, a 2017 kuwa Francis Joyon ya gama cikin kwana 40 da awa 23.

Jirgin da ake wannan aiki da shi ba irin wanda muka saba gani a hoto ba ne. Jirgi mai gangar jiki ɗaya sai an rataya masa dalma mai nauyi a ƙarƙashi don kada iska ta kifar da shi. Wannan kuwa siraran kwalekwale ne biyu ko uku aka haɗa da manyan sanduna, faɗinsa ne ke tsai da shi, saboda haka ba ya bukatar dalma, ga shi sakayau, ga gudu. Sai dai fa in ya kife, ba ya tashi da kansa.

To, a nan ne matsalar shiri take, watau sasanta rashin nauyi da ƙarfi. Ana ƙera jikin jirgin da jigonsa da zaren kabon, mai ƙarfi kuma maras nauyi. Ba a ɗaukar ruwan sha na kwana 40, sai na'urar da ke cire gishiri daga ruwan teku. Abinci busasshe ne, a jiƙa da ruwan zafi. Kowane filafili, kowace igiya, har tufafin matuƙa, sai an auna. Amma wanda ya zarce wajen rage nauyi, teku za ta nuna masa kurensa.

Tarihin jirgi guda ya ishe mu misali. Groupama 3, mai tsawon mita 31.5, ya kife kusa da New Zealand a 2008 bayan kwalekwalensa na gefe ya karye. Aka ceto mutanen, aka gyara shi. A 2009 ya sake samun rauni, ya ratse zuwa Cape Town. Sai a 2010 Franck Cammas da mutanensa, su 10, suka ci kofin da shi cikin kwana 48. A 2012 wani ƙaton jirgi mai mita 40, Banque Populaire V, da mutum 14, ya rage lokacin zuwa kwana 45. Ana ganin girma ya yi rinjaye ke nan, sai Joyon ya ɗauki tsohon jirgin nan, da sabon suna IDEC Sport, da gajeren jigo, da mutum 6 kacal. Gajeren jigo ya rage nauyin sama, ƙarancin mutane ya rage guzuri, jirgin ya iya jure gudu cikin guguwar tekun kudu kwana da kwanaki.

Saura shirin ranar tashi. Jirgi yakan zauna a tashar Brest makonni, daga kaka zuwa hunturu, lokacin da kudancin duniya ke cikin zafi, ana jiran iska mai dacewa. Masanin yanayi yana tudu, yana duba hotunan tauraron ɗan Adam, yana gaya musu inda iska take da inda duwatsun ƙanƙara ke yawo. Joyon kansa ya tashi a Nuwamban 2016, iska ta ɗauke masa kusa da Ikwaita, ya juyo gida, ya sake tashi a Disamba. Juyowar nan ma tana cikin shirin, gama wanda ya nace a kan tafiyar da ta ɓaci tun farko ya yi asarar shekara guda.

Ɗalibanmu na fannin injiniya, ku riƙe wannan: duk abin da za ku ƙera, ku tambayi kanku me za a iya ragewa, kuma ina ne ragewar za ta zama ganganci.